Jakunkunan Mai Sunkuyo

Litinin, da hantsi

Na dawo aiki. Inna ta ji sauƙi, har ta fara yi wa ma'aikatan asibiti faɗa wai ba su iya gyara gado ba, to ka san ta dawo hayyacinta. Kusan mako biyu na yi a gefen gadonta, kuma kullum sai na bugo waya gida na tambayi abu biyu: yara, da dawata Mai Sunkuyo. Amsar baban yara kullum ɗaya ce: "Komai lafiya, ki kwantar da hankalinki." Shi ne manajan gonar cibiyarmu ta binciken noma, in bai sani ba wa zai sani?

Ko jakar hannu ban ajiye a ofis ba na wuce gonar gwaji. Daga nesa na hango layukan dawata, kowace zangarniya da jakar takardarta a ka, raina ya yi fari. Da na matso sai na ja na tsaya.

Ba ɗaurina ba ne.

Ni da jan zaren saƙa nake ɗaure bakin jaka, in rubuta ranar da na rufe ta da fensir a gefe. Waɗannan da farar igiyar leda aka ɗaure su, ƙulli biyu kamar buhun gawayi, kuma jikinsu fes, babu rubutu ko ɗaya. Sababbi ne ƙal.

Na tambayi masu cire ciyawa wa ya canza jakunkuna. Nan take kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Litinin, bayan la'asar

A mota na ce wa baban yara, "An canza mini jakunkuna." Ya ce iska ce ta yayyaga wasu, suka sake. Na ce ashe iskar bana har jan zare ta iya kwancewa. Ya ƙara muryar rediyo.

Talata, da safe

Bari in rubuta abin nan daga tushe, don kada wata rana in karanta in ce ni ce na cika ƙorafi.

Mai Sunkuyo tsohuwar dawa ce ta kaka da kakanni. A takarda lamba gare ta, amma mu nan da wuyanta muke kiranta, don idan ta fara nuna sai zangarniyar ta lanƙwasa ta kalli ƙasa. Ba ta da yawan tsaba, shi ya sa manoma suka yar da ita da aka kawo musu sabon iri. Amma idan ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, sauran dawa ta naɗe ganye ta mutu a tsaye, ita sai ta yi lamo ta jira, ta cika ido da ɗan danshin da ya rage. Wannan halin nata nake so in ɗauko in sa a cikin sabon iri, shi ne aikina, kuma bakina ya gaji da faɗarsa a taro. Ƙauyen da aka samo ta na je da ƙafata, na bi gida-gida, ban sami mai ko ƙwaya ɗaya ba. Tsohon da ya ba da ita ya rasu, 'ya'yansa sun watse.

Abin da ya rage, iya sanina, ambulan ɗaya ne a ɗakin sanyinmu. Da bazarar da ta wuce na'urar sanyin ta mutu, aka yi ta jiran sa hannun wane da wane, iri yana dahuwa a ciki. Da na gwada, cikin goma da ƙyar uku ke tsirowa. Sai na juye ambulan ɗin duka na shuka bana don in sabunta irin. Ban rage komai ba, don wadda aka rage ba za ta kai baɗi da rai ba. Kara arba'in da 'yan kai suka tsaya.

Jakar kuwa ba kwalliya ba ce. Idan dawa ta fito da kai tana fure, iska na kwasar garin furen wannan ta kai wa waccan. Jaka ke tare baƙon gari, zangarniya ta haifi irin kanta. Kwanan watan da nake rubutawa a jiki kuma shi ke gaya mini wadda ta gama fure da wadda take tsakiyarsa. Wanda ya yi wata guda a wannan cibiya ya san haka. Wanda ya yi shekaru yana manajan gona ya fi ni sani.

Talata, da azahar

Na gani. A allon sanarwa, bakin ofishin Darakta.

Ashe masu ba mu tallafi sun kawo ziyara ina asibiti. Ga su nan a hoto sun jeru suna washe baki, Darakta a tsakiya ya kamo zangarniya yana nuna musu. A bayansu layukana ne, tsirara, kowane kai a buɗe, fure ya yi musu buɗu-buɗu. Daga hagu sabon irin da cibiya ke taƙama da shi, shi ma cikin fure. Daga dama sauran tsofaffin irin da muke ajiya, su ma an tuɓe su. A ƙarshen layi akwai wani da hular rana wadda ni na zaɓa masa a kanti. Ba zan rubuta ko wane ne ba.

A ƙasan hoton an buga da manyan baƙi: "Muna kare gadon manoma."

Na shiga banɗaki na yi ta tofar da yawu.

Laraba, da hantsi

Mai Makulli ce ta gaya mini sauran. Ita ke riƙe da ɗakin sanyi, tare muka shigo aikin nan, kuma ba ta iya riƙe magana fiye da yadda kwando ke riƙe ruwa. Ta ja ni ciki ta rufe ƙofa, muna rawar ɗari.

"Wallahi ƙawata na so in kira ki, aka ce duk wanda ya ɗaga miki hankali kina jinya ya kuka da kansa."

"Wa ya ce a cire?"

"Darakta. Ya zagaya gona ana gobe baƙi za su zo, ya ce mene ne wannan, dawa duk an naɗa mata bandeji kamar ɗakin 'yan haɗari? Ya ce baƙi zangarniya suka zo gani, ba takarda ba. A cire da yamma, a mayar da sun tafi."

"To ai wuni ɗaya kenan."

Ta yi dariyar takaici. Baƙin ba su zo ranar ba. Aka ɗaga zuwa washegari, aka sake ɗagawa. Duk kwanakin nan kawunan a buɗe, ga iska tana kaɗawa. Na ce ina tsofaffin jakunkunan, masu rubutuna? Ta ce an tara su bayan shago an cinna musu wuta, don kada baƙi su ga shara.

Da sun bar mini su, ko a ƙasa, kowace a gindin karanta, da na ware waɗanda suka gama fure kafin a buɗe su. Da an tsira da rabi. Ko zaren kawai da aka ɗaura wa karan ya isa. Sai suka ƙone, suka sayo sababbi, suka ɗaura tsaf don idan na dawo in gani in yi murna. Kuma na yi murnar, daga nesa. Wannan ne yake tayar mini da zuciya.

Laraba, da magariba

A motar haya na dawo gida.

Alhamis, bayan azahar

Na shiga wurin Darakta. Ƙamshin turarensa ya riga shi gaishe ni.

"A'a, Dakta! Zauna mana. Ya jikin Inna? Mun yi ta addu'a."

Na ce da sauƙi, ranka ya daɗe, maganar Mai Sunkuyo ce ta kawo ni. Ya jingina da kujera ya haɗa yatsu. Ya ce ziyarar ta yi kyau ƙwarai, baƙi sun yaba da layukana musamman, har suna cewa ba su taɓa ganin launuka haka a gona ɗaya ba. Ya ce in yi alfahari.

"Kuma ai ke kika koya mana, Dakta, dawa galibi kanta take aura. Cikin ɗari, goma ne ko ashirin za su gauraya."

"Ranka ya daɗe, waɗanne goman?"

Ya ce in shuka baɗi, duk wanda bai yi kama ba in tumɓuke. Na yi masa bayani kamar yadda nake yi wa ɗalibai. Mai Sunkuyo ba sabon iri ba ce da kowane kara yake kama da ɗan'uwansa. A cikinta akwai doguwa, akwai gajeriya, akwai mai baƙin ɓawo, akwai mai fari, wata ta riga wata nuna. Wannan bambancin shi ne dukiyar, don ban san a jikin wace ce juriyar ta fi ƙarfi ba. Idan baɗi na ga kara bai yi kama ba, ba ni da yadda zan gane ɗan gida ne ko baƙo. In na tumɓuke, wataƙila abin da nake nema na yar. In na bari, wataƙila sabon iri nake raino da sunan tsoho.

Ya ce to a gwada a ɗakin bincike mana, muna da na'ura. Na tuna masa sinadaran gwajin sun lalace tare da ɗakin sanyi, kuma takardar sayen wasu tana kan teburinsa, a ƙarƙashin kofin shayinsa ma kuwa. Ya ɗaga kofin ya duba, ya mayar.

"Dakta, kada ki mayar da ƙaramin abu babba. Ki girbe, ki sa lambarta, a mayar ɗakin sanyi. Wa zai sani?"

Ya faɗe ta da murmushi, kamar wanda ya yi mini kyauta. Na ce a huta lafiya, na fito. Har yanzu turaren yana maƙale a gyalena, na jiƙa shi a bokiti.

Juma'a, da safe

Babbar 'yata ta ce, "Mama, motar Baba ta lalace ne a gefenki kawai?" Yarinyar nan bakina ta ɗauko. Na ce ta gama karyawa ta tafi makaranta.

Asabar, da la'asar

Ya same ni a kicin ina wanke-wanke, yara sun fita. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin mota a yatsa.

"Maman yara, umarni aka ba ni."

Na ci gaba da cuɗa tukunya.

"Da na gaya miki kina asibiti me za ki iya yi? Inna na kwance, ga ki ke kaɗai."

Na ce da na gaya maka ka ajiye tsofaffin jakunkunan, magana ɗaya ce, ko minti ba za ta ci ba. Ya ce bai yi tunanin haka ba, hankalinsa ya rabu. Na ce amma ka yi tunanin sayo sababbi. Na ce ƙullin nan biyu na san shi, da shi kake ɗaure ledar shara a gidan nan. Da hannunka ka bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ɗauki waya ka ce mini komai lafiya.

Ya ce wani abu bayan haka. Ba zan rubuta ba, don ya kusa zama ban haƙuri amma bai kai ba.

Lahadi

Ban yi magana da kowa ba sai tukunya.

Litinin, da hantsi

Na kwana da tunani ɗaya na tashi da shi. Dawa idan aka sare mata kai tun tsaba tana madara, takan yi toho daga gindi ko daga gaɓa, ta fito da sabon kai ƙarami. Jikin karan bai gauraya da komai ba, tsabar ce ta gauraya. Sabon kan da zai fito Mai Sunkuyo ne zalla, in na rufe shi da hannuna, kuma lokacin sauran gonar duk ta gama fure.

Matsalar biyu ce. In na sare, na rasa har gaurayayyar da ke hannu, kuma babu tabbacin tohon zai kai. Sannan ruwan sama ya fara ja da baya, toho kuwa sai da ruwa, ko da na Mai Sunkuyo ne.

Mai Makulli ta ce, "Ke dai ba ki da tsoro." Ina da shi.

Talata, da sassafe

Na sare. Layi uku, da wuƙata, ni kaɗai. Layi na huɗu na bari, na kafa masa allo na rubuta GAURAYE da jan fenti, don ko ba komai a sami abin dubawa wata rana. Kawunan da na sare na zuba a baro, madararsu tana manne mini a hannu. Na ji kamar na yanka abin da na raina, amma ban tsaya ba.

Darakta ya aiko a tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Na ce a gaya masa da sauƙi.

Alhamis, da azahar

Tankar ruwan cibiya tana bakin ofishin Darakta tana shayar da ciyawar ado, don an ce baƙin za su iya dawowa. Ruwa har yana gangara kan kwalta. Mai ba da izinin tanka ta shiga gona shi ne manajan gona. Zan iya roƙonsa a kan teburin cin abinci. Na gwammace in ɗauki bokiti.

Ni da Mai Makulli muka yi ta jido daga famfon ɗakin bincike, ita tana mita tana cewa da ta san haka digiri yake da ta yi sana'ar sayar da ruwa tun farko. Mutane suna leƙenmu ta taga. Babu wanda ya fito.

Asabar

Bayana kamar an doke ni da taɓarya.

Litinin, da safe

Na iso da bokiti na tarar gindin kowane kara a jiƙe. An yi musu ɗan gurbi, an zuba ruwa a hankali yadda bai kwashe ƙasa ba. Aikin wanda ya san gona ne.

Na lura 'yan kwanakin nan ana fita daga gida tun kafin yara su tashi. Na lura kuma bayan mota yana ɗigar ruwa a tsakar gida. Ban tambaya ba, ba a gaya mini ba.

Laraba, da la'asar

Toho! Kore shar, kamar kunnen ɓera, a gindin kara goma sha biyar. Na durƙusa a cikin laka da kayan ofis ina ƙirgawa ina sakewa. Yau kam na ci abinci har na ƙara.

Juma'a, da magariba

Ya ajiye mini sabon ƙunshin jan zare a kan madubi. Na ɗauka, don zaren bai yi mini laifi ba.

Talata, da hantsi

Na daɗe ban rubuta ba, babu abin rubutawa sai ruwa da jira. Sama ta ɗauke gaba ɗaya. Tsutsa ta shiga wasu karan, wasu tohon suka tsaya suka bushe, wasu suka yi ciki amma kan ya ƙi fitowa. Waɗanda suka fito da kai tara ne, ƙanana, kowanne bai fi tafin hannu ba. Na rufe su tun kafin fure ya buɗe, jan zare, fensir, kamar yadda na saba.

Sai da na duba alamun da na yi wa karan tun farko na ga abin da ya faru. Taran nan duk gajeru ne masu baƙin ɓawo. Dogayen ba su yi toho ba. Masu farin ɓawo ko ɗaya. Wato ko duk taran sun cika, ɓangare ɗaya na gidan kawai na ceto, sauran dangin sun tafi. Tsohon can da iyayensa sun riƙe su duka da rumbun kara, mu da na'urori da digirori muka ƙarar da su saboda hoto ɗaya.

Laraba

Hoton yanzu an sa shi a gilashi.

Alhamis, bayan azahar

Mai Makulli ta kira ni ɗakin sanyi, fuskarta ba daɗi. Ta jawo akwati ta miƙo mini sabon ambulan, cike, mai nauyi. Lambar Mai Sunkuyo a jiki, da shekarar bana. Babu wata kalma bayan haka.

Layi na huɗu ne. An girbe shi jiya ina wurin taro, an sussuke, an kawo. Allona mai jan fenti an same shi a bayan shago, inda aka ƙone jakunkuna.

"Wa ya kawo miki?"

Ta juya tana gyara akwatin.

"Ƙawata, wa ya kawo?"

"Ai kin san aikin wa ne miƙa girbi."

Na fita na same shi a rumfar tarakta, ma'aikata suna wurin, ban damu ba. Na ce Manaja, ambulan ɗin da ka kai, me ke ciki? Ya ja ni gefe yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce wallahi ya gaya wa Darakta a rubuta gauraye, Darakta ya ce rahoton shekara ba ya ɗaukar irin wannan kalma. Na ce sai ka yi me? Ya ce to me zai yi, shi ne shugaba.

Da asuba yana shayar da ta gaskiya, da azahar yana miƙa ta ƙarya. Mutum ɗaya, hannu ɗaya, kuma na yarda duka biyun da zuciya ɗaya yake yi. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Tausayinsa nake ji, kuma tausayin ma ƙyama yake ba ni.

Asabar, da la'asar

Na leƙa jaka ɗaya. Tsaba ta kama, ta fara tauri. Wuyan ya soma lanƙwasa.

Litinin, da hantsi

Labari ya kai wa Darakta. Ya tare ni a baranda, da fara'arsa da turarensa.

"Dakta, ashe kin yi abin kirki a ɓoye! An ce tohon ya yi. Madalla. Idan kin girbe sai a haɗa da na ambulan ɗin can, yawan ya ƙaru. Lamba ɗaya ce ai, ba ma son abu biyu da lamba ɗaya, yana rikita masu bincike. Za mu kira mai hoto ranar girbin."

Na ce ranka ya daɗe, wancan gauraye ne, wannan zalla. Ya ce to kin ga idan aka haɗa sai zallar ta ƙara wa wancan kyau. Ya juya ya ce wa manajan gona, wanda ke tsaye a bayansa, ya sa ido ya sanar da shi da zarar ta isa yanka. Manajan gona ya ce to, ranka ya daɗe. Bai kalle ni ba.

Na san zai sanar. Zai yi kwana biyu yana juyi a gado, sannan ya sanar.

Laraba, da magariba

Yau ya tambaye ni a kan abinci, a gaban yara, kwana nawa ya rage ta nuna. Muryarsa a sanyaye, kamar mai tambayar jikin mara lafiya. Na ce da saura.

Babu saura sosai. Na ɓantari ƙwaya ɗazu na ciza, ta yi ƙas.

Juma'a, da azahar

Lokacin da gona ta watse kowa ya tafi cin abinci, na shiga da wuƙa a jakar hannu. Na kwance jan zaren a hankali don kada ya tsinke. Na yanke kawunan, biyu sun zube ba su cika ba, bakwai sun yi nauyi. Na bar guntun wuyan a jikin kara, na cusa busasshen ganye a kowace jaka har ta yi kumburin da take da shi, na mayar na ɗaure. Ɗaurina, rubutuna, babu abin da ya canza. Na ja da baya na duba daga nesa. Tsaf.

Sai da na zo fita na ga abin da na yi, da kuma wurin wanda na koyo shi. Na tsaya ina jiran amai ya zo. Bai zo ba.

Asabar, da la'asar

Na je gaida Inna da jakar hannu mai nauyi, na dawo da ita sakayau. Ba zan ƙara rubuta komai a kan haka ba, wannan littafin gida ɗaya suke kwana da baban yara. Duka-duka tsabar ba ta cika tafi biyu ba. Baɗi zan san inda zan shuka ta, inda babu mai zuwa ɗaukar hoto.

Inna ta kalle ni ta ce na rame, ko ni da baban yara ne? Na ce aiki ne. Ta ce uhm.

Litinin, da safe

Yau na shiga motarsa. Babbar 'yata ta leƙo ta taga tana tafi, wai an gyara gefen Mama. Shi ma sai murmushi yake, har ya kashe rediyo. Ina jin jarkoki suna ƙwanƙwasar juna a baya, ashe yau bai yi sammako ba, jirana ya yi mu je tare.

Ya tsaya a bakin gona ya sauke su. Na tsaya a gefe ina kallonsa yana bin karan ɗaya bayan ɗaya, yana durƙusawa, yana zuba ruwa a hankali don kada ya kwashe ƙasa. Wandon ofis ɗinsa duk ya ɓaci. Da ya zo na ƙarshe ya kai hannu kamar zai taɓa jakar, sai ya fasa, ya mayar da hannun aljihu. Ya ɗago yana haki.

"Maman yara, ya kike ganinta? Za ta kai kuwa?"

Na ce, "Komai lafiya. Ka kwantar da hankalinka."

Ko tuntuɓe harshena bai yi ba. Ya ce alhamdulillahi, ya ɗauki jarkokinsa, ya ce gobe ma zai kawo.